Yayin Keken Fiksi: An Kama Maganar Birki, An Bar ta Awon Firam

A watan Agustan 2025 'yan sandan Koriya ta Kudu suka sanar cewa za su fara kama masu hawan keken fiksi marar birki a kan titi. Sanarwar ta biyo bayan rasuwar wani ɗalibin ƙaramar sakandare a birnin Seoul a watan Yuli, wanda ya kasa tsayar da irin wannan keke a wata gangara. Har iyaye aka ja wa kunne cewa za a iya tuhumarsu da sakaci idan suka ci gaba da zuba wa 'ya'yansu ido. Matakin ya dace, ya ma makara. Abin damuwa shi ne muhawarar ta tsaya cak a kan birki, alhali akwai wata matsala da ake shigowa da ita gida tun ranar saye, wato firam ɗin da bai yi daidai da jikin mai hawa ba. A keken fiksi, awon firam yana cikin abubuwan da ke yanke hukuncin ko mutum zai iya tsayawa ko ba zai iya ba, kuma yadda ake sayar da kekunan a yau ya sa kuskuren awo ya zama ruwan dare.

Dalilin yana cikin ƙirar keken. Keken da aka saba da shi yana da firi a tayar baya, mahayi na iya sakin ƙafa taya ta ci gaba da gudu. Shi ya sa yaro a ƙasar Hausa yake iya ɗaukar Raleigh ko Phoenix na mahaifinsa, ya zura ƙafa ta ƙarƙashin sanda, ya taka rabin feda ya huta, ya isa inda aka aike shi lafiya. Firi ne ke yafe masa girman keken. Fiksi ba shi da wannan sassauci, domin ƙaramin faifan sarƙa a ɗaure yake da taya. Muddin taya na juyawa, feda na juyawa, ƙafa kuma dole ta bi. Idan babban faifai yana da haƙora 46, ƙarami yana da 16, kamar yadda aka fi haɗa na cikin gari, kowane zagayen feda yana kai keke wajen mita 6. A gudun kilomita 40 cikin awa, wanda gangara ke bayarwa ba tare da wahala ba, ƙafa za ta yi zagaye kusan 110 a minti ɗaya. Idan gudun ya kai kilomita 50, zagayen ya doshi 140. Mutumin da sirdinsa ya yi masa tsawo da santimita biyu ko uku zai fara tangaɗi a kan sirdi tun kafin ya kai nan, kuma ba shi da damar sakin ƙafa ya gyara zama.

Asalin keken na filin tsere ne mai jirkitaccen daɓe, irin wanda ke babban filin wasa na Abuja. Saboda haka aka ɗaga mazaunin feda sama fiye da na keken titi, aka gajarta hannun feda zuwa milimita 165 a maimakon 170 ko 175, don kada feda ta daki ƙasa a kwana. An kuma matso da tayoyi kusa da juna don keke ya riƙa juyawa da sauri. Wannan ƙira tana da sakamako biyu da mai saye ba ya gani a hoto. Firam mai lamba 54 na tsere yakan fi takwaransa na titi tsayi daga ƙasa, tunda an ɗaga gindinsa. Sannan a ƙananan firam, kan takalmi na iya taɓa tayar gaba idan aka karya kan keke sosai. Mai keken firi yana tsayar da feda ya kauce wa hakan, mai fiksi kuwa feda ce za ta kai ƙafarsa wurin ko yana so ko ba ya so.

Yayin ya fara fita daga filin tsere ne ta hannun 'yan aiken takardu a New York da San Francisco da Landan, waɗanda suka so keke marar kayan lalacewa. A tsakiyar shekarun 2000 matasa suka karɓe shi, fim ɗin MASH SF na 2007 ya ƙara rura wutar, gasar Red Hook Crit ta soma a Brooklyn a 2008, kafin a ankara abin ya kai Jakarta da Seoul. A wancan lokaci abin alfahari shi ne firam ɗin keirin, tseren caca na Japan da aka fara a Kokura a 1948, musamman mai hatimin NJS daga maƙera irin su Nagasawa da 3Rensho da Makino. Waɗannan firam ana ƙera su ne da awon ɗan tsere guda, tsawon ƙafarsa da na bayansa da na hannunsa. Da ya yi ritaya da shi, sai ya faɗa kasuwar kwance ya ƙare a hannun wani dogo a Amurka ko Turai, wanda suna da fenti suka ja hankalinsa. Daga nan ido ya saba da ganin babban mutum a kan ƙaramin firam, sirdi a can sama, kan keke a can ƙasa, har hakan ya zama abin kwaikwayo.

Amma babban dalilin shi ne sauyin hanyar saye. Fiksi ya fi kowane keke sauƙin sayarwa a kwali: ba giya, ba wayoyin canji, mai saye na iya ɗaura tayar gaba da feda da kan keke da kansa cikin ɗan lokaci. Kamfanoni irin su State Bicycle a Arizona da Pure Fix a Los Angeles sun tashi ne a wajajen 2009 da 2010 a kan wannan tsari na aika keke kai tsaye daga intanet zuwa ƙofar gida, wasu da dama suka bi sahu a ƙasashe daban-daban. Farashi ya sauka, kuma wannan alheri ne. Abin da ya faɗi a hanya shi ne mai shago, mutumin da zai dubi mai saye ya ce masa hau in gani, ya lura da gwiwarsa da kafaɗarsa, ya ce wannan ya yi maka yawa. Aka maye gurbinsa da jadawali mai layi huɗu ko biyar: in tsayinka kaza ne, ɗauki lamba kaza.

Tsayin mutum kuwa awo ne mai yaudara. A ɗauki mutum biyu, kowanne santimita 175. Ɗaya tsawon ƙafarsa daga matsematsi zuwa ƙasa santimita 79, ɗayan 85, bambancin da ake gani kullum tsakanin mutane. Tsohon lissafin maƙera, na ninka tsawon ƙafa da 0.65, zai ba na farko firam mai kimanin santimita 51, na biyu kuma 55. Jadawalin intanet zai tura su biyun ga lamba guda. Na farko yana da dogon baya, yana bukatar keke mai ɗan nisa zuwa hannu, na biyu yana bukatar mai tsayi amma gajere. Aƙalla ɗayansu zai karɓi abin da ba nasa ba.

Lambar kanta ba ta da ma'ana guda. Wasu kamfanoni suna auna bututun sirdi daga tsakiyar mazaunin feda zuwa tsakiyar sandar sama, wasu har zuwa ƙarshen bututun, bambancin kuma kan kai santimita ɗaya da rabi ko fiye. Tun da kamfanin Giant ya fito da firam mai gangararriyar sanda a shekarun 1990, ƙirar injiniya Mike Burrows, masana'antar ta karkata ga S da M da L, domin nau'i kaɗan ya fi arhar ƙerawa da ajiya. M na wannan kamfani na iya zama L na wancan. Awon da ya fi faɗin gaskiya shi ne nisan da ke tsakanin mazaunin feda da wuyan keke, a tsaye da kuma a kwance, amma masu sayar da fiksi mai arha ba kasafai suke sa shi a gaba ba.

A Koriya ta Kudu, inda yawancin sababbin masu hawa 'yan makaranta ne, akwai ƙarin abubuwa biyu. Iyaye a ko'ina suna son sayen abin da yaro zai girma ya tarar, kuma keke mai tsada ya fi jawo wannan tunani. Sannan kekunan suna yawo daga hannu zuwa hannu a manhajojin kayan kwance irin su Danggeun, inda yaro ke zaɓar keken Constantine ko na Engine11 saboda suna da launi da abin da aljihunsa zai ɗauka. Awo shi ne na ƙarshe a lissafinsa, in ma ya shigo.

Illar firam mai girma ta fi muni. Ko an sauke sirdi har ƙasa, wani lokaci ƙafa tana miƙewa ƙarau kafin feda ta kai ƙarshen zagaye, ƙugu ya riƙa karkata hagu da dama, bayan gwiwa ya fara ciwo. Hannuwa suna miƙewa babu lanƙwasa, nauyi ya taru a wuyan hannu. Rage gudu a fiksi yana bukatar mahayi ya danne feda baya da ƙarfin cinya, ko ya ɗaga daga sirdi ya matsa gaba ya kulle ƙafafu tayar baya ta ja ƙasa. Duka biyun suna son mutum ya iya motsa jikinsa a kan keke cikin ƙiftawar ido, wanda aka shimfiɗe a kan dogon firam kuwa ba shi da wannan 'yanci. Ko an ɗaura birkin gaba, yaron da yatsunsa da ƙyar suke kaiwa gare shi, hannunsa a sandare, ba zai iya ja da baya ya danne tayar baya ba, jan birki da ƙarfi na iya wurgo shi ta saman kan keke. In ya diro daga sirdi a firgice, sandar sama tana jiransa.

Ƙaramin firam yana da nasa sharrin. Ana zaro sandar sirdi har ta wuce layin da kamfani ya zana na iyaka, abin da kan tsaga bututun firam ko ya karya sandar. Gwiwa na kusantar kan keke, takalmi na gogar taya, idan kuma aka bar sirdi ƙasa, gaban gwiwa ne ke ɗaukar dukan nauyin danne feda.

Masu ganin an cika zuzuta maganar awo suna da abin faɗa. Sun ce ana iya canza wuyan kan keke da sandar sirdi a gyara zama, ƙwararrun 'yan tsere ma da gangan suke zaɓar ƙaramin firam, kuma abin da ya kashe ɗalibin Seoul, da matar da wani matashi ya buge da fiksi a titin Old Street na Landan a 2016, rashin birki ne. Gaskiya ne, kuma babu mai hankalin da zai yi jayayya da dokar Birtaniya da ta wajabta birkin gaba a kan fiksi, ko ta Japan da ta wajabta na gaba da na baya. Amma canza wuya yana gyara santimita ɗaya ko biyu ne, idan ya zarce haka sarrafa keken kan lalace, babban firam kuma babu abin da ke rage shi. Ɗan tsere yana da mai auna shi da makaniki, yana kuma gudu a fili marar mota da mahaɗar hanya.

Awon da ake magana a kansa bai fi aikin minti biyar ba. Mutum ya cire takalmi, ya jingina da bango, ya sa littafi mai kauri tsakanin cinyoyinsa ya tura shi sama da ƙarfi kamar yadda sirdi zai danna, wani ya yi alama a bango daidai saman littafin, a auna zuwa ƙasa. In an sami santimita 80, firam mai kimanin 52 zuwa 54 ne mafari, gwargwadon yadda kamfanin ke aunawa. Lissafin da ɗan tseren keke Greg LeMond ya yaɗa a shekarun 1980, na ninkawa da 0.883, zai sa sirdi a kusan santimita 70.6 daga tsakiyar mazaunin feda. Daga nan sai gwaji. Idan ya tsaya da keke tsakanin ƙafafunsa, ya kamata a sami rata ta santimita biyu zuwa biyar tsakaninsa da sanda. Idan ya ɗora diddige a feda tana can ƙasa, ƙafa ta miƙe ba tare da ƙugu ya karkata ba. Gwiwar hannu ta ɗan lanƙwashe, yatsu biyu su kama birki ba tare da miƙa ba. Wanda ya faɗo tsakanin lamba biyu, ƙaramar ta fi sauƙin gyara. Gajerun mutane kuma su nemi keke mai ƙaramar taya, irin 650, da gajeren hannun feda.

Ɗan sanda na iya hango rashin birki daga tsallaken titi, amma ba zai tsaya auna ƙafar yaro ba, don haka kamen Seoul zai bar wannan ɓangare yadda ya same shi. Nauyin yana kan masu sayarwa. Kamfanin da zai iya tambayar launin da mutum ke so zai iya tambayar tsawon ƙafarsa kafin ya karɓi kuɗi, ya buga tsayin sanda daga ƙasa kusa da farashi, ya sauƙaƙa musanya. A halin yanzu mayar da keken da aka riga aka haɗa yana nufin kwance shi, neman kwali da kuma sau da yawa biyan kuɗin aikawa, shi ya sa da yawa ba sa mayarwa. Wasu suna haƙura su hau a haka har gwiwa ta gaji, wasu kuma suna ɗora shi a manhajar kayan kwance da ragin farashi, inda mai saye na gaba yakan kasance ƙaramin yaro da ya fi su ƙarancin kuɗi da ƙarancin sanin awo.