Ko Kun Sani?

Ko kun san akwai tseren keke da ake ratsa nahiyar Turai sukutum, agogo bai tsayawa dare da rana? Sunansa Transcontinental Race. Wani ɗan Birtaniya, Mike Hall, ya kafa shi a 2013, aka tashi daga Landan zuwa Istanbul.

Babu motar rakiya, babu makaniki. Tun kafin ranar tashi kowa ke zama da taswira ya zana hanyarsa: inda zai kauce wa manyan tituna, inda zai sami ruwa da burodi, inda zai ɗan runtsa. Amma dole ya bi ta wuraren tantancewa a buga masa hatimi a kati. Idan taya ta yi faci cikin tsakar dare, shi zai tsuguna a bakin titi da tocila ya liƙe abarsa.

Masoya kuwa ta intanet suke kallo. Kowane keke na ɗauke da ƙaramar na'ura mai nuna inda yake, sai ya bayyana kamar ɗigo a taswira. Ɗigo ya daɗe bai motsa ba, hankali ya tashi: barci ne ko matsala?

A 2019 Bajamushiya Fiona Kolbinger, mai shekara 24, mai binciken cutar daji, ta zama mace ta farko da ta lashe tseren. Ta yi kusan kilomita 4,000 daga Burgas a Bulgeriya zuwa Brest a Faransa cikin kwana 10 da awa 2 da minti 48, ta bar mazaje a baya.