Kafin a Ɗora Igiya a Gonar Gado

Duk wanda ya fita daga Kano ta hanyar Madobi, ko ta Gwarzo, ko ta Gezawa, zai ga yadda gonakin da aka sani da gero da dawa da gyaɗa suka koma turakun siminti da tarin bulo. A Kumbotso da Ungogo kuwa, yaron da aka haifa yau ba zai yarda cewa unguwarsu gona ce jiya-jiyan nan ba. Haka abin yake a gefen Zariya da Katsina da Sakkwato. Wannan ba laifi ba ne. Jama'a na ƙaruwa, kowa na son inda zai sa haƙarƙarinsa, magada kuma suna da ikon sayar da abin da iyayensu suka bar musu. Abin da ya dame ni shi ne yadda ake yankan, wato abin nan da muke kira awon igiya, inda dillali da yaransa za su shiga gona da safe, kafin la'asar sun fitar da unguwa guda, babu taswira, babu mai awo, babu tunanin gobe.

Akwai wata unguwa a bayan gari da na san asalinta. Gonar wani dattijo ce, mai ɗorawa da tsamiya, ga wani ɗan kwari ta gabas inda ruwan damina ke bi ya gangara fadama. Da Allah ya yi masa rasuwa, 'ya'yan suka kira dillali. Ɗaya daga cikinsu ya ce a bar hanya mai faɗi ta tsakiya, kuma kada a taɓa kwarin. Dillalin ya ce masa, "Haba Alhaji, in muka yi haka ai mun yi asarar fegi uku. Masu saye za su daidaita a tsakaninsu." Sauran 'yan'uwa suka ji an ambaci asara, suka bi bayan dillali. Aka bar lungun da bai fi taku uku ba, aka zuba tifar ƙasa a kwarin, aka sayar da shi a matsayin fili.

Masu sayen ba su daidaita ba, don babu wanda zai rushe ɗakinsa saboda maƙwabci. Hasali ma kowa ya zo gini sai ya ci taku guda daga lungun, wannan ya fitar da dakali, wancan ya haƙa shadda a waje. Yau a-daidaita-sahu ba ya shiga. Mai gini sai tifa ta juye masa yashi a bakin titi, yara su kwasa a baro, kuɗin aiki ya ninka. Mace in naƙuda ta kama ta da dare, sai dai a riƙo ta a ƙafa har inda mota ta tsaya. Akwai kwanar da makara ba ta juyawa, sai an ɗaga ta sama da katanga. Ranar da gobara ta tashi, motar kwana-kwana daga nesa za ta tsaya tana kallo. Shi kuwa ruwa bai san an yi ciniki ba. Duk watan Agusta sai ya zo neman tsohuwar hanyarsa, ya tarar da gida a kai, ya shiga ɗakunan mutane, ya cika shadda ta yi ambaliya, ginin ƙasa ya jiƙe ya zube. Sai ka ji ana cewa ƙaddara ce. Ƙaddara gaskiya ce, amma wanda ya toshe hanyar ruwa da hannunsa don fegi uku, ya daina fakewa da ita.

Mu yi lissafi, tunda da lissafi ake ruɗar magada. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce. Filin da aka saba, mai ƙafa 50 da 100, ya kai kamar mita 15 da 30, wato murabba'in mita 450. In aka yanka hektar kaf ba a bar ko hanyar akuya ba, za a sami fili 22. In aka ware kashi ɗaya cikin huɗu don tituna da lambatu, za a tashi da 16 ko 17. Bambancin fili 5 ko 6 ne, kuma shi ne dillali ke nuna wa magada. Abin da ba ya faɗa musu shi ne filin da mota ke isa ƙofarsa ya fi na cikin lungu daraja nesa ba kusa ba, har kuɗin 16 ɗin nan kan iya kamo na 22. Shi la'adarsa yake hange, yawan filaye yawan la'ada, kuma ba a unguwar zai zauna ba. Kwaɗayi dai mabuɗin wahala ne.

Addininmu ma bai bar zancen hanya sakaka ba. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Manzon Allah (SAW) ya yi hukunci, in aka yi saɓani a kan hanya, a bar faɗin zira'i bakwai. Wannan a zamanin raƙumi da jaki ke nan. Mu da muke zamanin tifa da motar asibiti, da wane ido za mu kalli lungun da bai kai na raƙumi ba?

To, ga mai niyyar yanka gona, abu na farko a raba gado tukuna, a gaban alƙali ko malamin da ya san ilimin rabon gado, a rubuta. Matar mamaci tana da tumuninta, 'ya mace tana da rabin rabon namiji, maraya yana da nasa ko yana goye. Babban wa ba shi da ikon sayar da kason ƙannensa don kawai shi ne babba. Kotunanmu cike suke da shari'un filayen da aka gina aka tare, sannan wata 'yar'uwa da ke aure a wani gari ta zo ta ce ba da saninta aka sayar ba, kuma gaskiyarta.

Na biyu, a san matsayin ƙasar a hukumance. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna bisa amana. Ƙasar karkara ƙaramar hukuma ce ke ba da izinin mallakarta na gargajiya, amma gwamna ne ke ayyana inda ya zama birni, kuma gonar da kake ɗauka ta ƙauye ce mai yiwuwa ta daɗe da shiga taswirar birni. Takardar mai unguwa ko ta dagaci shaida ce cewa an yi ciniki, ba izinin yanka unguwa ba ce. A Kano akwai hukumar tsara birane ta KNUPDA, a Kaduna akwai KASUPDA da KADGIS, sauran jihohi ma kowacce da tata. A je a tambaya ko titi ko layin babbar wutar lantarki zai ratsa ta wurin. Mutane su sani, in gwamnati ta karɓi ƙasa don amfanin jama'a, abin da dokar ta tanadi diyyarsa shi ne gini da amfanin gona da itatuwa, ba tsurar ƙasa ba. Wanda kuma ya yi gini ba izini, ranar da aka shafa masa jan fenti ba shi da bakin magana.

Na uku, kuma shi ne babban kirana: a fitar da hanya da magudanar ruwa kafin a fitar da fili ko ɗaya. A ɗauko ƙwararren mai awo ya zana taswira. A shiga gonar da damina, ana tsakiyar ruwa, a ga inda yake bi da inda yake kwanciya, a tambayi tsofaffin da suka noma ta shekara da shekaru. Inda ruwa ke bi a bar masa, kududdufi kuma kada a cike shi sai an san inda ruwansa zai koma. Babbar hanya kada ta gaza mita 12, ƙananan layuka mita 9, da wurin lambatu hagu da dama. A zauna da masu gonakin maƙwabta domin titin wannan ya haɗu da na wancan, kada layi ya tafi ya ƙare a bayan katangar wani. A kafa turakun siminti a bakin hanyar, a rubuta faɗinta a cikin takardar kowane mai saye, ta yadda duk wanda ya ci taku guda za a iya kai shi gaba. In burtali ya ratsa gonar, ba na sayarwa ba ne. In gonar babba ce, a ware wurin masallaci da makaranta da inda za a dasa taransifoma, tun ran gini tun ran zane. Filayen nan 'yan mitsi-mitsi da ake raba guda gida huɗu su ma a rage su, don a nan ne ake haƙa rijiya dab da shaddar maƙwabci, alhali masana lafiya suna son a bar tazarar kamar mita 30.

Kai kuma mai saye, araha ba ta ado. Kada ka sayi fili da rani ka biya a take. Ka auna hanyar da ƙafarka, ka tambayi ina ruwa ke bi, ka nemi ganin takardar rabon gado da sa hannun magada duka, mata da maza. In dillali ya ce maka "za a fitar da hanya daga baya", ka riƙe kuɗinka.

Iyayenmu masu unguwanni da dagatai da hakimai, da hatiminku ake kammala cinikin nan, kuma gabanku za a dawo da rigimar. Duk gonar da aka kawo muku babu taswira, babu hanya, babu magudanar ruwa, ku ƙi sa hannu, ko ta ɗan wane ce. Kuɗin shaida kwana kaɗan zai yi a aljihu, alhakin mutanen da za su rayu a matse kuwa yana wuyan duk wanda ya sa hannu. Allah ya sa mu gyara.