Galma Kudawace: gina rijiya ba wuya, riƙon ta shi ne aiki

Idan bazara ta kankama a ƙasar Adar, tun kafin ladan ya kira assalatu matan ƙauyukan da ke bisa tudu sun riga sun kama hanyar rijiya, jakuna a gaba, jarkoki na kaɗawa, ƴan mata na biye da guga da igiya. Wadda ta makara sai ta tarar da layi, wadda ta zo ƙarshe kuwa laka za ta kwasa. Abin da ya fi ban takaici shi ne, sau da yawa a kan hanyar tasu sukan wuce famfon da aka yi bukin buɗewa da kiɗa da jawabai, ga shi tsaye tsatsa ta ci shi, awaki na kwance a gindinsa. Wannan hali ba baƙo ba ne ga mutanen Galma Kudawace, ƙaramar hukumar karkara da ke maƙwabtaka da garin Madawa cikin jahar Tawa, haka ma ga ƴan uwansu na gundumomin Buza da Keita. Tambayar da ta kamata a yi ita ce: bayan shekaru sittin ana gine-ginen ruwa a wannan yanki, wane irin aiki ne ya ɗore, wane ne kuma ya mutu?

Ruwa na nan, amma ba wuri ɗaya yake ba

Ƙasar Adar fuska biyu gare ta. Akwai fadamu da kwaruruka, kamar kwarin Majiya da na Tarka, inda ruwan damina ke nutsewa cikin rairayi ya kwanta kusa, mutum ya gina mitoci kaɗan ya same shi. Akwai kuma tudu da fako, inda dutsi da yumɓu suka yi shimfiɗa bisa shimfiɗa, ruwan kirki kuwa yana can ƙasa, wani wuri sai an huda ɗaruruwan mitoci da babbar na'ura. Saboda haka ƙauyuka biyu da tafiyar sa'a ɗaya ta raba su za su iya kasancewa ɗaya na noman albasa da rani, ɗaya na sayen ruwan sha.

Gwamnati ta soma fuskantar matsalar tun 1963, lokacin da aka kafa ma'aikatar OFEDES mai gina manyan rijiyoyin siminti, waɗanda har yau jama'a ke kira da sunanta. Bayan farin 1973 da 1974, sai Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware shekarun 1981 zuwa 1990 domin ruwan sha da tsabta. A wannan lokaci ne rijiyoyin burtsatse, wato foraji, suka yawaita a karkara, aka ɗora masu famfon taka-ƙafa na Vergnet ko famfon hannu na India Mark II. Ƙa'idar da ƙasa ta tsayar ita ce mashaya ta zamani ɗaya ga kowane mutum 250, garin da ya kai mutum 2,000 kuwa a yi masa shato da tiyo zuwa unguwanni.

Rijiyoyin siminti da yawa sun daɗe, domin guga da igiya ba sa bukatar makaniki. Famfuna kuwa sun sha mutuwa, kuma ba don babbar ɓarna ba. Ƴar robar da ke riƙe ruwa ce kan cinye, ko sarƙa ta tsinke. Abin da kuɗi kaɗan za su gyara sai ya tsayar da aikin miliyoyi, saboda babu asusu a gari, babu mai gyara kusa, babu kuma kantin da ke sayar da kayan. Wanda ya kawo famfon ya gama kwangilarsa ya koma, mutanen gari kuma suna kallon sa a matsayin kayan gwamnati.

Darasin Keita da Majiya

Bahaushe ya ce da ruwan ciki kan ja na rijiya. A Keita an gano cewa ita ma rijiyar sai an ciyar da ita. Shirin raya karkara na Keita ya soma aiki a 1984, shekarar babban fari, da kuɗin ƙasar Italiya, da ƙwararrun hukumar FAO, da abincin hukumar PAM da ake bai wa ma'aikata a matsayin lada. Injiniyoyin shirin sun lura cewa ruwan sama na faɗowa bisa duwatsun da suka zama tsirara, ya gangaro da gudu, ya yage gonaki, ya wuce bai shiga ƙasa ba. Don haka aka hau tudu da diga da shebur: aka haƙa ramuka a gangare, aka jera duwatsu, aka yi shingaye da madatsai a cikin ƙoramu. Yawancin waɗanda suka ɗauki duwatsun nan a ka mata ne, domin mazaje sun tafi bida Najeriya da Abijan. Cikin kimanin shekaru ashirin, bayan an faɗaɗa aikin zuwa Buza da Abalak, an farfaɗo da fiye da hekta 30,000, an dasa itatuwa wajen miliyan 18, an gina rijiyoyi kusan 700.

Kafin wannan, tun 1975, ƙungiyar CARE da ma'aikatan gandun daji na Buza sun soma dasa jerin itatuwan bedi a kwarin Majiya domin tare iska. Daga baya taimakon ƙasar Jamus ya gina ƙananan madatsai masu baza ambaliya a kwarurukan jahar Tawa. Hikimar waɗannan madatsai ita ce ba sa tare ruwa su yi tafki. Rage masa gudu suke yi, ya bazu a faɗin kwari, ya samu lokacin nutsewa. Inda aka yi su da kyau, ruwan rijiyoyin da ke kusa yakan tashi, ya kuma jima bai ƙafe ba. Duk mai son rijiyar ƙauye ta kai watan Mayu da ruwa, to ya dubi tudun da ke bayanta.

Fasahar da maƙerin gari ya iya

Darasi na biyu daga kwarin Tarka ya fito. Tun shekarun 1980 ƙungiyar agaji ta Lutheran World Relief ta yaɗa a Nijar dabarar huda ƙasa da hannu: ƙarfe mai baki kamar murfi ana juya shi, a zura tiyon roba da aka tsattsaga ƙasansa, a naɗe shi da ƙyalle mai tace rairayi. A ƙasa mai yashi, mutum huɗu ko biyar za su gama cikin yini ɗaya ko biyu. Shirin raya kwarin Tarka, wanda asusun FED na ƙasashen Turai ya biya, ya baza wannan dabara a gundumar Madawa cikin shekarun 1990, manoman albasa suka rungume ta. A ƙarshen waɗannan shekaru kuma aka fito da famfon taka-taka mai suna Niyya da Ƙoƙari, wanda masu walda na gida ke ƙerawa.

Shirye-shiryen sun rufe, amma sana'ar ta zauna, domin kayan suna kasuwa, gwanayen ƴan ƙasa ne, mai lambu kuma da kuɗinsa ya biya. Sai dai a yi hattara: ruwan da ke kusa shi ne mai saurin gurɓata. Rijiyar lambu ba ta zama ta sha sai an toshe gefen tiyon da yumɓu ko siminti, an yi daɓe a bakinta, an fitar da magudana, an kuma nisanta dabbobi.

Ruwa mai haske ba shi ne mai lafiya ba

Mai zurfin ma ba a yarda da shi ido rufe. Abin da ya faru a Tibiri ta jahar Maraɗi ya isa ishara ga kowace gunduma. Tun tsakiyar shekarun 1980 mutanen garin suka yi ta shan ruwan wani foraji mai zurfi wanda sinadarin fuliyo ya yi wa yawa, nesa da miligiram 1.5 a lita da hukumar lafiya ta duniya ta ƙayyade. Ruwan garau yake, ba wari ba ɗanɗano, amma haƙoran yara suka rine, ƙasusuwan ɗaruruwansu suka lanƙwashe. Awon da ya kamata a riƙa yi a kai a kai, shi ne ba a bai wa muhimmanci ba.

A gefe guda kuma, akwai nasarar da ta nuna amfanin ƙaramin abu. Kurkunu, wanda a da ke kwantar da manoma daidai lokacin noma, an kawar da shi ne da ƙyallen tace ruwa, da sa ido ƙauye ƙauye, da sababbin mashaya, har hukumar lafiya ta duniya ta tabbatar a 2013 cewa Nijar ta rabu da shi.

Wanda bai tafi ba shi ne zawo, da babbar yayarsa kwalara. A 2021 kwalara ta kama fiye da mutum 5,000 a Nijar, ta kashe fiye da 150, jahar Tawa na cikin waɗanda suka ji jiki. Tushen abin sananne ne: fiye da rabin ƴan ƙasa a fili suke bahaya, ruwan sama na farko kuma ya kwashe ya zuba a tafki da bakin rijiya. Yaron da ke yawan zawo ba ya riƙe abinci, daga nan sai tamowa. Tun 2009 aka shigo da wata hanya da ta samo asali daga Bangaladash, inda ba a rarraba kyautar siminti, mutanen gari ne da kansu ke zagayawa su ga inda ƙazantarsu ke zuwa, su ɗauki alkawarin kowane gida ya gina salga. Bagaruwa, a nan jahar Tawa, ita ce ƙaramar hukumar farko a Nijar da aka shaida ta daina bahaya a fili. Ƙa'idar ginin kuwa ba ta da wuya: ramin ya nisanci rijiya da mita 30 aƙalla, gindinsa kada ya kusanci ruwan ƙasa, a yi masa murfi, a ajiye buta da sabulu ko toka a ƙofa.

Wa ke riƙe da mabuɗi?

Dokar ruwa ta 1 ga Afrilu 2010 ta amince cewa samun ruwa haƙƙi ne na kowane ɗan ƙasa, tsarin da ya biyo bayanta kuma ya ɗora wa ƙananan hukumomi alhakin mashayan karkara. Hukumar kan damƙa shato ga ɗan kasuwa bisa yarjejeniya, shi ya sayar da ruwa, ya biya mai tsaron famfo, ya zuba wani kaso a asusun sabunta kayan aiki, ƙungiyar masu shan ruwa kuma ta sa masa ido. Tun Afrilun 2024 da aka rusa majalisun ƙananan hukumomi, wannan nauyi ya koma wuyan shugabannin riƙo da aka naɗa. Farantan hasken rana da ke maye gurbin injin gazuwal sun rage tsada ƙwarai, amma sun zo da tarko: jama'a kan ce tunda rana kyauta ce, ruwa ma ya zama kyauta, ran da injin da ke cikin ramin ya ƙone kuwa sai a tarar asusu wayam.

A nan ne ƴan kasuwa da ma'aikata ke da abin yi. Ɗan kasuwar Madawa ko Buza da ya ajiye robobin famfo, da tiyo, da ƙwayoyin tsabtace ruwa a kantinsa, ya samu ciniki, ya kuma rage wa ƙauye tafiya har Maraɗi ko Yamai. Attajirin da ya yi niyyar sadakar rijiya a garinsu, ya ware kuɗin awon ruwa da na koya wa mai gyara tun kafin a sa ranar buki. Ma'aikacin ruwa da na lafiya kuma su nemi a karanta lissafin asusu a bainar jama'a, mata na zaune, tunda su ne ke jan guga.

Shirin ƙasa na PROSEHA ya ɗauki alkawarin ruwa da tsabta ga kowa nan da 2030. Mutanen Galma Kudawace ba da yawan allunan da aka kafa a bakin hanya za su auna shi ba. Za su auna shi ne ran da famfo ya tsaya da safe, su ga ko zai tashi kafin la'asar. Allah ya sa masu riƙe da amanar su riƙe ta da gaskiya, amin.