Stentor mai muryar mutum 50: gaskiyar zance da ƙarin gishiri

Idan Bature ya ce muryar wani stentorian ce, yana nufin murya mai amo da tsawa, wadda ke cika dandali ba da lasifika ba. Kalmar ta shiga Ingilishi wajen farkon ƙarni na 17, daga sunan wani Bagirke, Stentor. Iya nan babu gardama. Sauran abin da ake ɗora wa mutumin kuwa sai an tankaɗe.

Ana cewa gwarzon yaƙin Troy ne. Ina! A duk kashi 24 na waƙar Iliad ta Homer, sau ɗaya tak aka ambace shi, a kashi na biyar. Can ma ba shi ne ya bayyana ba, Hera ce, ɗaya daga cikin ababen bautar Girkawa, ta ɗauki kamanninsa don ta zaburar da mayaƙa. Babban abin da aka faɗa a kansa shi ne muryarsa ta tagulla, wadda ta kai ta mutum 50. Ko takobi ba a ce ya zare ba.

Ana kuma kiransa sanƙiran rundunar Girkawa. Homer bai naɗa shi ba, na baya ne suka yi. Masanin falsafa Aristotle, da yake sukar birni mai yawan jama'a, ya nuna babu mai iya yi musu shela sai mai muryar Stentor. Labarin cewa ya mutu bayan gasar ihu da Hermes, wani abin bautar Girkawa, shi ma daga masu sharhin baya ya fito.

Batun mutum 50 ɗin fa? Kunne ba haka yake lissafi ba. Mutum 50 su ɗaga murya tare, ƙarar za ta ɗara ta mutum ɗaya da desibel 17 kacal, mai sauraro kuma ya ji kamar ninki uku ne da ɗoriya. A ganina, kirarin ya fi muryar ƙarfi.

Ƙaryar da ta fi sauƙin shiga ita ce wai ɗan bututun nan stent, da likitoci ke sawa a jijiyar zuciya, daga Stentor ya samo suna. Akasarin masana suna danganta shi ne da Charles Stent, likitan haƙori ɗan Ingila da ya rasu a 1885. Wanda ya gaji sunan da gaske wani ƙwaron ruwa ne mai ƙwayar halitta ɗaya, da masanin halittu Lorenz Oken ya raɗa wa Stentor a 1815 saboda siffarsa irin ta kakaki, alhali ko uffan ba ya cewa.