Sawun da kiran waya ke bari a baya

A kasuwannin Tambuwal da Kebbe, a kudancin jihar Sakkwato, ciniki da yawa a kan waya ake ƙulla shi tun kafin kaya su hau mota.

Dillalin hatsi zai kira manomi a ƙauye su tsayar da farashin buhun gero, sannan ya kira direba, ya kira mai saye a birni, ba tare da an rubuta ko harafi ɗaya ba.

Sai dai kowane kira yana barin sawu a cikin na'urori, kuma idan rigima ta taso, wannan sawu ne wani lokaci ke raba gardama.

Abin da ake rubutawa

Tun daga watan Agustan 2001 da kamfanonin Econet da MTN suka fara aikin wayar salula a Nijeriya, na'urorin kamfanonin sadarwa ke rubuta bayanin duk kiran da ya ratsa ta cikinsu, da farko domin su san kuɗin da za su caji mai layi.

Bayanin ya ƙunshi lambar wanda ya kira, da ta wanda aka kira, da rana, da lokacin da aka fara magana, da tsawonta. Haka nan yana nuna turken sadarwar da wayar ta kama, da lambar shaida ta ita kanta wayar, mai alƙaluma 15.

Muryar masu magana ba ta cikin wannan bayani. Naɗar murya wani aiki ne na daban, mai dokokinsa na daban.

Ke nan kundin zai iya tabbatar da cewa wani layi ya kira wani da ƙarfe tara na safe daga yankin Dogon Daji har na tsawon minti shida, amma ba zai faɗi farashin da aka yi ittifaƙi a kai ba, ba zai kuma tabbatar da wanda wayar ke hannunsa a lokacin ba.

Kiran da aka yi ta WhatsApp kuwa ba ya shiga kundin kira na kamfanin waya, domin ta intanet yake bi. Abin da kamfanin ke gani shi ne yawan data da aka ci.

Kundi uku

A wuri uku ne bayanin kira ke zama.

Na farko shi ne cikin wayar da ke hannu. Shi ne mafi rauni, domin mai wayar zai iya goge shi, kuma idan wayar ta ɓace ko ta lalace, galibi ya tafi ke nan.

Na biyu yana ofis. Asibiti ko banki ko babban kanti da ke da ma'aikata da yawa kan yi amfani da na'urar rarraba kira, wadda ke karɓar kira a lamba ɗaya ta miƙa shi ga teburin da ya dace. Wannan na'ura na rubuta teburin da ya amsa, da daɗewar da mai kira ya yi yana jira, da kiran da ba a ɗauka ba.

Ma'ajiyarta tana da iyaka. A na'urori da dama, idan ta cika, sabon bayani ne ke hawa kan tsoho ya shafe shi. Idan kuma wani kamfani ne ke ajiye wa ofishin bayanan a intanet, to wa'adin ajiyar yana cikin yarjejeniyar da aka sa wa hannu, kuma da zarar ya cika za a share su.

Na uku shi ne kundin kamfanin sadarwa, wanda mai layi ba shi da ikon taɓawa. Goge kira daga waya ba ya goge shi a can.

Abin da doka ta ce

Sashe na 38 na dokar yaƙi da laifuffukan intanet ta 2015 ya wajabta wa kamfanonin sadarwa su adana bayanan zirga-zirgar kira da na masu layi har tsawon shekara biyu, su kuma miƙa su ga jami'an tsaro idan an nema bisa ƙa'ida.

A ɗaya ɓangaren, sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin hirar ɗan ƙasa a waya. Don haka ƙa'idojin da Hukumar Sadarwa ta Nijeriya, wato NCC, ta fitar a 2019 suka tanadi cewa a nemi izinin alƙali kafin a saurari maganar wani, in ban da wasu yanayi na gaggawa da aka ware.

Dokar kare bayanan jama'a, wadda shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2023, ta ɗora wa masu kasuwanci nasu nauyin. Lambar abokin ciniki amana ce: ba a ajiye ta fiye da lokacin da ake buƙatarta, ba a kuma amfani da ita a wani abin da ba shi aka karɓe ta dominsa ba.

A kotu, sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 ya yarda da bayanan da kwamfuta ta fitar, muddin an nuna cewa na'urar na aiki daidai a lokacin da ta rubuta su.

Batun tsaro

A wannan yanki da ke maƙwabtaka da jihar Zamfara, maganar ta wuce ciniki, domin ta waya masu garkuwa da mutane ke neman kuɗin fansa.

A watan Satumban 2021, gwamnan jihar na lokacin, Aminu Waziri Tambuwal, wanda ya wakilci mazaɓar Kebbe da Tambuwal a majalisar wakilai daga 2003 zuwa 2015, ya bayyana cewa an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na jihar, domin hana 'yan bindiga tuntuɓar masu ba su labari.

Kafin nan, a watan Disambar 2020, gwamnatin tarayya ta umarci a haɗa kowane layi da lambar shaidar ɗan ƙasa. Ma'anar hakan ita ce duk kiran da aka yi da layi, sunan wanda ya yi rajistarsa ne zai fara bayyana. Mai shagon da ya yi rajistar layuka da sunansa ya raba wa yaran shago, shi za a fara tambaya idan aka aikata laifi da ɗaya daga cikinsu, ko da yaron ya daɗe da barin aiki.

Muhawara a duniya

Tsawon lokacin da ya kamata a ajiye irin waɗannan bayanai ya jawo ce-ce-ku-ce a ƙasashe da dama.

A 2006 Tarayyar Turai ta umarci kamfanoni su ajiye su daga wata shida zuwa shekara biyu, amma a watan Afrilun 2014 kotun Tarayyar ta soke umarnin, bisa hujjar cewa ya keta sirrin jama'a fiye da kima.

A Amurka ma, a 2013 Edward Snowden ya fallasa cewa hukumar tsaron ƙasar na tattara bayanan kiran miliyoyin mutane.

Masu suka na cewa ko ba a ji murya ba, sanin wanda mutum ke kira, da lokacin, da wurin da yake, ya isa a gane abokansa da likitansa da masu binsa bashi.

Ga ɗan kasuwar Tambuwal ko Kebbe, abin lura shi ne ya san adadin watannin da na'urar ofishinsa ke riƙe bayani, ya taƙaita masu iya duba shi, ya kuma karɓi layin shago daga duk ma'aikacin da ya tashi. Ciniki mai nauyi kuma a bi shi da rubutu da shaidu, kamar yadda aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta yi umarni game da bashi, domin kundin kira na nuna cewa an yi magana ne kawai.