Kirkin Uwar Ɗaki da Makullin Mota

A 1981 Nadine Gordimer, Baturiyar Afirka ta Kudu, ta fitar da littafinta July's People. Ba ta ɓata lokaci kan masu ƙin baƙar fata a fili ba, waɗannan kowa ya san su. 'Yan uwanta masu sassaucin ra'ayi ta tasa a gaba, masu tsine wa wariyar launin fata da baki alhali suna cin moriyarta.

A labarin, yaƙi ya ɓarke a Johannesburg. Bam Smales da matarsa Maureen da 'ya'yansu uku suka tsere, kuma boyinsu July, wanda ya shekara 15 yana yi musu aiki, shi ya kai su ƙauyensu ya sauke su a bukkar mahaifiyarsa. A ganin Maureen ita mutuniyar kirki ce: tana biyan albashi, tana ba shi kwancen kaya. Amma ita ce ke sa hannu a takardar fasin da ke ba shi izinin zama a birni, kuma duk tsawon shekarun nan ba ta san sunansa na yanka Mwawate ne ba.

Asiri ya tonu a kan makullin mota. Ranar da July ya ɗauki motarsu ba tare da neman izini ba, ya kuma riƙe makullin, sai hankalin ma'auratan ya tashi, kamar ba shi ya ceci rayukansu ba. Ashe kirkin nasu yana da sharaɗi: su ne masu bayarwa, shi kuwa ya durƙusa ya karɓa. A nan Gordimer ta fi burge ni, don ba ta mai da Maureen muguwa ba. Da ta yi haka, da mai karatu ya samu mafaka.

Mu ma a Arewa mun san irin wannan Bature. Joyce Cary, wanda ya yi Di'o a Borgu, ya rubuta Mister Johnson a 1939, inda Di'o Rudbeck ke ƙaunar akawunsa, amma da aka yanke wa akawun hukuncin kisa, iyakar alfarmar da ya yi masa ita ce ya harbe shi da hannunsa maimakon rataya. Cary tausayi ya nufa da wannan. Chinua Achebe ya karanta littafin a jami'ar Ibadan, bai ga mutanensa a ciki ba, kuma hakan na cikin abin da ya tunzura shi ya ɗauki alƙalami.