Me Ake Koya Wa Yaranmu A Yola Da Jimeta?

Da yawa daga cikin 'yan'uwanmu mutanen Adamawa da ke neman abinci a Ikko da Badun da Fatakwal sun bar iyali a gida. Wata ya ƙare a aika da kuɗin makaranta, da na littafi, da na tufafin makaranta. Amma in ka tambayi mutum abin da ɗansa ke koyo a aji huɗu, sai ya ce maka ai boko yake yi, shi ke nan. To, ga bayanin fannoni biyu, wato lissafi da kimiyya, domin ranar da aka je gida a san abin da za a tambaya.

Waɗanda suka yi elementare kafin 1973 sun san wuyar lissafin kuɗi. Kwabo 12 ne sule, sule 20 ne fam. A ce maka tara fam 2 da sule 15 da kwabo 8 da kuma sule 7 da kwabo 6. Sai ka fara mai da kwabo 14 su zama sule ɗaya da kwabo 2, sa'an nan sule 23 su zama fam ɗaya da sule 3, kafin ka isa ga fam 3 da sule 3 da kwabo 2. Bulala nawa aka sha a kan wannan! Da Naira ta fito a watan Janairu na 1973, kwabo 100 suka zama Naira ɗaya, aka huta. Haka kuma mita da kilo da lita suka ture yadi da mil da galan a cikin littattafai, ko da yake a kasuwar Jimeta har gobe da mudu ake awon masara, da yadi ake yankan atamfa.

Shekara uku bayan haka, a 1976, aka ƙirƙiro Jihar Gongola da hedkwata a Yola, kuma a watan Satumba na shekarar gwamnatin Janar Obasanjo ta buɗe shirin UPE na ilimin firamare kyauta. Yara suka kwararo fiye da yadda aka shirya musu. A 1999 aka sake ɗaura ɗamara da shirin UBE, wanda ya mai da karatun tushe shekara tara. Hukumar NERDC ce ke tsara manhaja, saboda haka abin da aka rubuta wa yaron Agege shi aka rubuta wa yaron Jimeta. Bambancin yana wajen aiwatarwa.

A aji ɗaya zuwa uku, ƙirga ne da sanin matsayin lamba, wato gane cewa 2 da ke cikin 25 ishirin ce, sai tarawa da ɗebewa, da somin jadawalin sau, da rabi da kwata, da karanta agogo. Daga aji huɗu zuwa shida ake shiga doguwar rabawa, da lamba mai ɗigo, da kashi cikin ɗari, da riba da faɗuwa, da auna faɗin fili. Wanda ya riƙe waɗannan shi ke iya tunkarar jarrabawar shiga makarantun tarayya da NECO ke shiryawa, irin su kwalejin 'yan mata ta tarayya da ke Yola.

Sai dai akwai abin da ya sa Yola ta bambanta da Kano ko Katsina, shi ne harshe. A aji guda za ka tarar da Bafulatani da Bachama da Chamba da Kilba da Margi da Bahaushe. Yaron da ya tashi a cikin garin Yola, kusa da fadar Lamiɗo, da Fulatanci ya fara ƙirga: go'o, ɗiɗi, tati, nayi, jowi. Daga nan shida ita ce biyar da ɗaya, bakwai joweeɗiɗi, wato biyar da biyu, har zuwa sappo, goma. Ka ga tun kafin ya taka ƙofar makaranta harshensa ya koya masa tarawa. A kasuwa ya yi ciniki da Hausa, a aji kuma a ce masa da Turanci zai amsa. Malami mai basira yakan ɗora darasi a kan abin da yaro ya zo da shi. Wanda bai damu ba sai ya sa su rera jadawalin sau kamar waƙa, yaro ya kai har sau 12 da ka, amma a ce masa lemo bakwai a Naira 50 kowanne nawa ke nan, ya tsaya yana kallon rufi. Abin mamaki, yarinyar da ke tallar gyaɗa bayan an tashi ba ta kuskuren canji. Lissafin yana kanta, ba a dai haɗa mata shi da na allo ba.

Kimiyya kuwa, da can Nazarin Halitta da Kiwon Lafiya ake kiranta. Ana koyar da masu rai da marasa rai, sassan jiki, irin ƙasa, ruwa da iska, haske da zafi, da ƙananan na'urori. Mafi shahara shi ne shuka wake a gwangwanin madara, ɗaya a rana ɗaya a duhu, a ga wanda zai yi kore. Ba ya cin ko kwabo, amma sau da yawa a allo kawai ake zana shi.

A ganina babu garin da darasin ruwa ya fi shafa kamar wanda ke bakin Binuwai. Yaran Jimeta sun ga ambaliyar 2012 da ta 2022, sun ji manya suna ambaton madatsar Lagdo ta Kamaru. Darasin tururi da hadari da ruwan sama ba tatsuniya ba ce a wurinsu. Haka darasin sauro: a kwantaccen ruwa yake ƙwai, shi ya sa ake cewa a kife tsofaffin gwangwanaye da tayoyi. Tsargiya kuma daga dodon koɗin ruwa take fitowa ta shiga fatar mai wanka a kududdufi. Ga ruwan gishiri da sukari na mai gudawa: lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin cokali na gishiri. Ɗan aji biyar da ya riƙe wannan yana iya ceton ƙaninsa kafin a kai asibiti.

Saboda haka in Allah ya kai ka gida da Salla, kada ka tsaya ga takardar sakamako da ta ce ya zo na uku. Karɓi littafin aikinsa ka duba ko akwai jan biron malami, da ranar da aka yi gyara na ƙarshe. Aike shi kanti da Naira 1,000 ya sayo abu biyu, ya faɗa maka canji kafin ya fita. In kuwa ka taho da shi Kurmi ne, ka sani sabuwar makaranta za ta iya gwada shi kafin ta ba shi aji, kuma lissafi na cikin abin da ake fara dubawa.